Jinya a Wuro Patuji: Labarin da Ba a Rubuta Ba Tukuna

Duk wanda ya san sunan Wuro Patuji daga nesa, da wuya in ba ta dalilin dare ɗaya ya san shi ba. A daren 1 ga Oktoba, 2012, ranar da Najeriya ta cika shekara 52 da samun mulkin kai, 'yan bindiga suka shiga wannan unguwa ta garin Mubi, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na sauran makarantun garin ke kama hayar ɗakuna. Suka bi gida-gida suna kiran sunaye, wanda ya fito sai a kashe shi. 'Yan sanda sun ce mutum 25 aka rasa, mutanen gari kuwa sun ce adadin ya haura 40. Gidajen rediyo suka yi 'yan kwanaki suna nanata sunan unguwar, daga nan wani bala'in ya sauka a wani wurin, hankali ya koma can.

Mutanen unguwar dai suna nan. Akwai masu gidajen hayar, da 'yan kasuwa masu harka da Kamaru, da dillalan shanu, da malaman makaranta da suka yi ritaya, da tsofaffin da 'ya'yansu suka watsu Yola da Kano da Abuja da Legas. A gidaje da dama za ka tarar da ɗaki guda da ake shiga da sallama ƙasa-ƙasa, mai warin man zafi da Dettol, tsoho ko tsohuwa na kwance a ciki. A bakin ƙofar kuma akwai mutum guda da ya baro aiki, ko shago, ko karatu, ko ɗakin aure, ya dawo gida jinya. A ganina wannan mutum shi ne ginshiƙin kiwon lafiya a garuruwa irin Mubi, kuma shi ne wanda littattafanmu na ƙagaggun labarai suka fi tsallakewa.

Wa zai zauna?

Abin yakan fara da waya. Mutanenmu ba sa faɗin ciwo kai tsaye. Ƙanwa za ta kira yayanta bayan isha'i, a gaisa, a tambayi yara, can sai ta ce, "Hamma, jikin Dada fa sai a hankali." In ya ce, "An kai ta asibiti?" ta ce, "An kai. In da hali dai ka zo." Washegari ya kama hanya. Daga Yola kusan kilomita 200 ne, ta Girei da Song da Gombi da Hong da Mararraba. Mai tasowa daga Kano kuwa wuni ne cur a mota, ko ya zagayo ta Numan da Yola, ko ya yanko ta Gombe da Biu da Garkida. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya na tsawon makonni, saƙo ya koma hannun direbobin tasha. A irin wannan hali, labarin ciwo da na rasuwa kan iske mutum a takarda ɗaya.

Makon farko gida cike yake. Na Abuja ya zo da mota, ta Kano ta zo da goyo, kowa ya riƙo lemo da madara. Ranar Lahadi sai a fara duban agogo: wannan hutunsa ya ƙare, waccan yaranta na da jarrabawa. A taru a ɗakin Bappa ko Kawu a yi shawara, kuma sau da yawa tun kafin a zauna kowa ya san wanda abin zai faɗa wa. Bazawarar gidan ce, ko wadda mijinta ya rasu, ko budurwar da ta gama makaranta ba ta samu aiki ba, ko ƙanen da sana'arsa ba ta albashi ba ce, don haka ake ganin ba abin da zai rasa. Ba a cika tambayar ra'ayinta ba. Sai dai a ce, "Adda, ke ce kika fi sanin halinta," ko "Ke ce mai haƙurin cikinmu." Sauran su yi alkawarin turo kuɗi duk wata, a buɗe zauren WhatsApp na 'yan gida, a watse.

In mara lafiyar namiji ne kuma matarsa ta tsufa ko ta rasu, batun al'aura kan sa dole ɗa namiji ya zauna. Sai ka ga magidanci ɗan shekara 40, wanda a gidansa ko kofi ba ya ɗaurayewa, yana koyon yi wa mahaifinsa aski da wanka da tsarki, yana ɗaukarsa cak zuwa bayan gida. Ga kuma kunya, wadda Hausawa da Fulani suka ba muhimmanci ƙwarai. Uwar da tun da ta haifi 'yar farinta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, yau ita ce 'yar farin ke tuɓe wa riga. Wata uwar takan rufe ido har a gama. Wata takan ƙi cin abinci da rana don kada ta bukaci fo da dare. Mai jinya tana gani, ta kuma san dalili, amma al'ada ba ta ba su bakin da za su yi zancen ba.

Safiya a ɗakin mai shanyewar ɓarin jiki

Cikin cututtukan da ke kwantar da dattawanmu, shanyewar ɓarin jiki, wadda galibi hawan jinin da ba a kula da shi ba ke jawowa, na cikin masu cin mai jinya. Tun kafin kiran assalatu ta tashi, domin shimfiɗa ta jiƙe. Ta hura gawayi ta ɗora ruwa. Ta mirgina tsohuwa gefe guda, ta nannaɗe zane da ledar da ke ƙarƙashi, ta mirgino ta ɗaya gefen ta zare. Ta goge mata jiki da tsumma mai ɗumi, tana duba ƙugu da gadon baya da dugadugai da kafaɗa, domin nan ne fata ke fara yin ja kafin ta saɓule ta zama gyambon kwanciya, wanda in ya yi nisa yakan ci nama har ƙashi. Ma'aikatan asibiti na cewa a riƙa juya mara lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana. Mai jinya ɗaya tilo, wadda ita ce mai girki kuma ita ce mai wanki, takan yi iya ƙoƙarinta, kuma duk ranar da ta ga fata ta yi ja sai ta ɗora wa kanta laifi.

Daga nan ta kawo dutsen taimama, ta kama hannun da ke aiki ta ɗora a kai, ta gyara wa tsohuwa kwanciya ta fuskanci alƙibla. Sai kunun gyaɗa, abin alfaharin Adamawa, wanda a nan ya zama abincin da maƙogwaron da ya raunana ke iya karɓa. Dole a jingina ta da bango a zaune, a ba ta cokali-cokali, a jira ta haɗiye, don in ta shaƙe ya bi ta huhu wani ciwon ne sabo. Kofi ɗaya kan ci rabin awa. Sai magani, sai gashi, ana lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu da yatsu ana miƙarwa don kada su sandare, tsohuwa na kuka tana cewa a ƙyale ta. Sai wankin zannuwa, da ruwan da aka saya hannun 'yan ga-ruwa. Kafin a shanya, rana ta take, 'yan dubiya sun fara sallama.

Dubiya lada ce, kuma Mubi ba ta wasa da ita. Maƙwabta Musulmi na zuwa, 'yan zumuntar mata na coci na zuwa, ba a tambayar addinin mai ciwo kafin a shiga. "Sannu, ya mai jiki?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." "Allah ya sa kaffara ne." Amma kowane ɗan dubiya sai an shimfiɗa masa tabarma an kawo ruwa, kuma kusan kowa da shawararsa. Wannan ya san wani mai magani a ƙauye, waccan ta ce ba ciwon asibiti ba ne, wani ya ce a tsallaka Kamaru, wata ta kawo ƙullin gari ta ce a daina ƙwayoyin Bature tukuna. In mai jinya ta ƙi, a ce boko ya ɓata ta, ta dawo daga birni tana raina manya. In ta karɓa jini ya hau, na Abuja ya kira yana faɗa. Kowa na ce mata sannu da jinya, kuma da zuciya ɗaya ake faɗa. Wanda zai ce, "Tashi ki je ki kwanta, ni zan zauna da ita har la'asar," shi ne ba a cika samu ba, kuma duk mai jinya tana iya lissafa maka sunayen waɗanda suka taɓa yi mata haka.

Asibiti da aljihu

Ko an kwantar da mara lafiya a asibiti, aikin mai jinya ba ya raguwa. Tsarin asibitocin gwamnati a ƙasar nan, daga Mubi har Sakkwato, an gina shi ne a kan cewa kowane gado yana da ɗan uwa a gefensa. Shi zai yanki kati, ya sayo magani da ruwan ƙari da safar hannu, ya kai jini ɗakin gwaji, ya nemo mai ba da jini, ya kawo abinci, ya zubar da fo, ya kwana a tabarma a baranda yana korar sauro. Ma'aikatan jinya ba su da yawan da za su yi waɗannan. In ciwon ya fi ƙarfin babban asibitin gari, sai a turo su Yola, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko na Tarayya da ke Gombe, ga kuɗin mota da masauki a garin da ba ka da kowa.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, amma kasafin tarayya yakan tsaya wajen kashi 5. A 2022 an sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, an kuma kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa wadda ta fara aiki a 2021, sai dai tsohuwar da ta yi rayuwarta tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba ta ga ko ɗaya a bakin ƙofarta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. A Jamus tun 1995 akwai inshorar kula da gajiyayyu, wadda har kuɗi take bayarwa in ɗan uwa ne ke jinya a gida, Japan ma ta kafa tata a 2000. A nan dokar ƙwadago ko hutun jinyar iyaye ba ta tanada ba. Ma'aikacin da ya daɗe a gida sai dai ya dogara da kirkin shugabansa.

Kuɗin nan kuma shi ke raba kan 'yan uwa. Na nesa yana ganin ya turo, me kuma ake so? Ta kusa tana ganin abin da aka turo ko famfas na mako biyu bai saya ba, ga nauyin sake roƙo. Sai ta fara ɗaukar hoton rasit tana sakawa a zauren 'yan gida don kada a zarge ta, wannan ma wani ya ɗauke shi a matsayin gori.

Waɗanda suka ƙi gudu

Mubi tana da wani babi na jinya wanda Kano da Zariya ba su da irinsa. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga garin suka kama shi, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. A ranar ce kuma suka mamaye hedkwatar cocin EYN da ke Kwarhi, kusa da Mararraba. Jama'a suka fantsama a ƙafa, wasu suka hau duwatsu suka nufi Kamaru, wasu suka bi daji zuwa Maiha da Hong da Gombi, har Yola. A can, sansanoni irin na Damare da Malkohi da harabar majami'ar St. Theresa suka cika, amma mafi yawan masu gudun a gidajen dangi da na mutanen kirki suka sauka. Sai wajen 13 ga Nuwamba mafarauta da 'yan banga da sojoji suka ƙwato garin.

An ba da labarin gudun, an ba da labarin ƙwatowar. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi da wanda ba ya iya tashi daga shimfiɗa. An goya wasu, an tura wasu a baro. Wasu tsofaffin da bakinsu suka ce wa 'ya'yansu, "Ku tafi da yaran, ni ba inda za ni." Wasu 'ya'yan suka tafi, suna ɗauke da wannan har yau. Wasu kuma suka tura mata da yara gaba, suka koma suka rufe ƙofa suka zauna da uwa ko uba, ba kemis, ba asibiti, ba tabbacin wayewar gari. Ban ga laifin wanda ya gudu ba, domin shi ma rayuka ya tsirar. Amma duk yaron da ya yi makarantar Islamiyya ya ji labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman da hidimar mahaifiyarsa ta hana shi zuwa Madina ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka umarci manyan sahabbai su nemi addu'arsa. Muna da masu irin wannan hali a unguwannin Mubi, Musulmi da Kirista, suna zuwa kasuwa suna hawa keke Napep tare da mu, ba wanda ya zauna da su ya rubuta abin da suka gani. Shekara goma ta wuce, kuma mutuwa na ta ɗibarsu.

Ina marubutanmu?

Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa a kan ciwo aka gina shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, ɗan sarki ne ya kwanta rashin lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya, Alhaji Imam ya fita duniya nema don ya wanke Liman daga kunya. Muka bi shi gari-gari, muka sha dariyar rikicinsa da Malam Zurƙe, har ya dawo da ruwan bayan shekaru masu yawa. Duk tsawon shekarun nan akwai wanda ke juya ɗan sarki a shimfiɗa yana ba shi kunu, amma labari ya bi matafiyi. Wannan ba aibu ba ne ga littafin, irin labarin da Imam ya so bayarwa ke nan. Sai dai mun gaji hanyar, mun kuma riƙe ta.

Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, ya shigo da labari cikin gida, kuma mata ne suka yi wannan aiki. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da sauransu sun rubuta kishi da auren dole da saki da karatun 'ya mace ba tare da tsoro ba. Amma a yawancin littattafan da suka biyo baya, har zuwa waɗanda ake karantawa yau a waya, ciwo dabara ce kawai ta juya labari. Alhaji ya yanke jiki ya faɗi don 'yarsa ta ƙi zaɓinsa. Saurayi ya kamu da ciwon zuciya saboda so. Kishiya ta yi sammu. Likita ya fito ya cire tabarau ya ce sai an fitar da shi waje, shafi biyu a gaba an sauka a Indiya ko Masar. Wata shida na wanki da gashi da rashin barci, layi ɗaya ake ba su. Garin labarin kuma kusan kullum Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ƙaramin gari sai dai ya zama inda aka ɗauko 'yar aiki.

Akwai waɗanda suka kusanci abin. Zaynab Alkali, 'yar kudancin Borno, maƙwabciyar wannan yanki, ta rubuta The Stillborn da Turanci a 1984. A ciki Li ta baro birni ta koma ƙauye saboda rashin lafiyar mahaifinta, ta tarar da yayarta Awa wadda ba ta taɓa tafiya ba, tana ɗauke da gidan gaba ɗaya. Tsakanin wadda ta tafi da wadda ta zauna akwai ƙauna, akwai kuma wani abu da ba a furtawa, kuma Alkali ta san shi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ita ma ta buɗe ƙofa: labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira ne, na 2020 kuma, Rai da Cuta na Maryam Umar, ya shiga ɗakin ma'aurata a lokacin annobar korona. A adabin duniya, Tolstoy na Rasha ya rubuta labarin mutuwar Ivan Ilyich a 1886, inda babban alƙali ke mutuwa a hankali, iyalinsa na ta yi masa ƙaryar zai warke, baran gida Gerasim kaɗai ke zama yana riƙe ƙafafunsa a kafaɗa har tsakar dare. Fiye da shekara 130 ana karanta wannan ɗan littafi, kuma babban ɓangarensa a ɗaki ɗaya ya faru.

Wasu za su ce mai karatu nishaɗi yake nema, wa zai sayi labarin fo da gyambo? Ban yarda ba. Matan da ke karanta littattafan nan a waya, da yawansu a gefen gadon asibiti suke karantawa. Kuma duk abin da marubuci ke nema yana cikin wannan ɗaki. Wadda ta dawo daga birni ta dawo garin da kowa ya san ta tun tana tallan gyaɗa, ya san dalilin mutuwar aurenta na fari. Tsohon saurayinta yanzu shi ne mai kemis ɗin da take karɓar magani bashi. Mijinta a Kaduna ya fara cewa jinyar ta isa haka, ana kuma raɗe-raɗin zai ƙara aure. Uban da take wa wanka wataƙila shi ne ya cire ta daga makaranta. Akwai daren da gajiya za ta sa ta daka wa mahaifiyarta tsawa, ta fita tsakar gida ta yi kuka, ta dawo ta ce, "Dada, ki yafe mini." Akwai tunanin da ke zuwa wa kusan duk mai doguwar jinya, na fatan Allah ya kawo ƙarshen wahalar, da firgitar da ke biyo bayansa. Ba a faɗin wannan a wa'azi, ba a faɗa wa 'yan dubiya. Ƙagaggen labari ne kaɗai wurin da za a faɗe shi ba a tozarta kowa ba, mai jinya ta karanta ta san ba ita kaɗai ba ce.

Mubi ma tana da wani abin da ba kowane gari ke da shi ba, wato yawan harsuna. Gari ne na Gude da Fali da Fulani da Njanyi da Margi da Higi da Hausawa, wanda ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi Najeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Dattijo ɗaya kan iya harshe uku ko huɗu. Likitoci sun san cewa mai rikicewar tsufa, wani lokaci har mai shanyewar jiki, yakan rasa harsunan da ya koya daga baya ya koma na yarinta. Sai ga tsohuwar da ta yi shekara 50 tana Hausa da Fulatanci ta wayi gari ba ta jin komai sai Gudanci ko Falanci, jikar da ke jinyarta kuwa a Kano ta tashi, ko gaisuwa ba ta iya ba. A nemo wata tsohuwa a maƙwabta ta zo ta yi tafinta tsakanin kaka da jika. Abin takaici, irin wannan rikicewa, ta kiran sunayen matattu da fita da dare da zargin an sace mata kaya, ita ce wasu ke fassarawa da maita, mai jinya ta koma kare mutuncin tsohuwa daga bakin unguwa. Ga Jami'ar Jihar Adamawa a garin tun 2002, ga kwalejin fasaha, ga ta horar da ma'aikatan lafiya, cike da matasa masu rubutu a Facebook. Da yawansu a gidajen haya na Wuro Patuji suke kwana, katanga ɗaya tsakaninsu da irin wannan ɗaki.

Bayan an share makoki

Jinya takan ƙare da sauƙi, takan kuma ƙare da rasuwa. In rasuwa ce, gida ya sake cika, na nesa su iso, wasu bayan an dawo daga maƙabarta. A yi zaman makoki, a yi addu'a, kowa na cewa Allah ya saka wa Adda da alheri, ta yi ƙoƙari. Sannan a kira malami a zauna rabon gado. Shari'a ta ƙayyade rabon kowa, kuma ba ta ware wani kaso na jinya ba. Wasiyya ma ba ta halatta ga magaji sai in sauran magada sun amince. Amma ba abin da ya hana iyaye yin kyauta tun suna da lafiya, ba kuma abin da ya hana magada su yafe wani abu daga rabonsu bisa yardar kansu, kuma malamai kan tunatar da haka in an tambaye su. Matsalar ita ce mai jinya ba za ta tambaya ba, don kada a ce dama abin da take jira ke nan.

A wasu gidajen akan samu babban wa ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai na bar wa Adda rabona na gidan nan," sauran su bi bayansa, ko ya ce a haɗa mata jari kafin a raba komai. A wasu gidajen kuwa sayar da gidan ake yi, musamman a unguwa irin Wuro Patuji inda ɗakunan haya ke da daraja saboda ɗalibai. A ba ta rabin abin da aka ba kowane namiji, ta fita neman wurin zama tana da shekara 45, da ciwon baya, shagon da ta bari a birni kuma tuni mai shi ya ba wani haya.